Ɗigo Ba Ta da Hula

Masu bina a wannan labarin, yau sai kun yi haƙuri da ni, domin raina a ɓace yake kuma ba zan iya yi wa magana ado ba. Wadda yau ne shigowarta, ga ni a taƙaice. Ɗinki nake yi. A gidan Umma nake zaune tun da Allah ya karɓi ran mijina, kuma 'ya ɗaya gare ni, ko makaranta ba ta isa shiga ba. Ɗigo muke ce mata, don ranar da aka haife ta Yaya ta leƙa cikin zani ta ce wannan ai ɗigo ce ba jaririya ba, sunan kuwa ya bi ta. Sai mutumin da ke nemana, wanda duk gidanmu ke kira Mai Tayil, saboda babban shagon tayil da yake da shi a bakin titi.

A wurin Umma da Yaya, Mai Tayil ba shi da makusa. Ba ya shan komai, ba ya wasa da salla, ya gama gininsa, kuma idan ya zo gaisuwa har ƙasa yake durƙusawa. Kullum sai Umma ta tuna mini cewa ƙuruciya ba ta jiran kowa, kuma ba kowane namiji ne zai kalli mace mai 'ya sau biyu ba. Ni kuwa sharaɗina ɗaya ne tun ranar farko: duk inda zan shiga, da Ɗigo zan shiga. Da na faɗa masa, murmushi ya yi ya ce yarinya ai ba matsala ba ce. A kan wannan kalmar tasa nake ta auna shi har yau.

Ana cikin haka saƙonsa ya shigo wayata: “Ranki ya daɗe, na kama mana wuri a motar masu yawon buɗe ido ranar Asabar. Za a kai mu magangarar ruwa, da kogo, da tsohuwar ganuwa mai hasumiya. Ki huta da keken ɗinki na yini ɗaya.”

Kafin in gama karantawa Yaya ta fizge wayar, ta karanta wa Umma da ƙarfi tana jan “ranki ya daɗe” kamar mai waƙa. Nan take suka yanke cewa zan je, kuma Ɗigo za ta zauna a gida. Na ce in babu Ɗigo babu ni. Aka yi ta ja har aka kira la'asar. Daga ƙarshe Umma ta sakar mini, amma ta ja mini kunne: kada in maƙale wa yarinya kamar wadda za a sace, in bar bawan Allah ya riƙe ta ko sau ɗaya, ta haka ne zai saba. Na riƙe wannan maganar, don ni ma abin da nake son gani ke nan.

Ranar Asabar na sa doguwar rigata ruwan toka wadda na ɗinka da hannuna, da mayafi mai kauri, da takalmi marar tsini, duk da Yaya ta ce na yi kama da mai zuwa awon ciki. Jakata kuwa kamar ta mai ƙaura: ruwa, tishu, biskit, man sauro, sabulu, mayafin goyo, da kayan canji na Ɗigo. Ita na sa mata jar rigarta mai aljihu biyu da takalmin roba. Da muka isa inda motar take, sai ga Mai Tayil cikin fararen kaya tun daga sama har ƙasa, karin guga kamar ya yanke ka, har takalmin ma fari. Mutum zai hau dutse ya shiga kogo, ya fito kamar mai zuwa ɗaukar hoto. Ya kalli Ɗigo, ya kalle ni, ya ce ai ya ɗauka za ta zauna wurin Umma. Sannan ya yi sauri ya ce babu komai.

Jagoran tafiyar wani mai tumbi ne, muryarsa ta dishe, da ƙaramar lasifika rataye a wuya. Yana tsaye a ƙofar bas yana ba kowa hula hana-salla ruwan ɗorawa mai tambarin kamfaninsu. Ya yi mana bayani cewa shi ba ya kiran suna, ba ya kuma haddace fuska. Huluna yake ƙirgawa. Duk inda aka tsaya, idan hulunan da ya raba suka cika a cikin mota, direba zai ja. Ya ba Mai Tayil tasa, ya ba ni tawa na ɗora a kan mayafi. Ɗigo ta miƙa hannu. Ya yi dariya ya ce ƙananan yara a cinya ake ɗaukarsu, ba su da kujera, don haka ba su da hula. Ta dawo da hannunta cikin aljihu. Na kalli Mai Tayil ko zai sa baki, na tarar yana gyara zaman hularsa a gilashin taga.

Hanyar duk kwana-kwana ce, hawa da gangara. Ba mu yi nisa ba Ɗigo ta yi shiru, irin shirun da uwa kaɗai ke ganewa. Kafin in buɗe leda ta amayar da shayin safe a gaban rigarta da gefen tawa. Wata dattijuwa mai sanda da ke bayanmu ta miƙo mini tsumma tana yi mata sannu. Shi kuwa da yake kusa da ita, gwiwarsa ya janye har ya manne da jikin mota, ya zaro turare daga aljihu ya fesa a iska tsakaninmu. Sannu dai ya ce, ba zan yi masa ƙarya ba, amma yana faɗa yana duba wandonsa. A nan cikin motar na canza mata kaya, na ɗaure masu aman a leda. Kayan canjin ke nan sun tafi tun ba a je ko'ina ba.

Magangarar ruwan, a hoton da ya turo mini, fara ce tas tana zubowa tsakanin korayen itatuwa. Ruwan yana nan, kuma daga nesa yana da kyau, sanyinsa har fuska. Amma ku matso kusa. Duk bakin ruwan ledoji ne da robobin lemo, ga ƙunzugun jarirai da aka yar ya kumbura ya maƙale a jikin dutse, ga ɓawon ƙwai, ga ƙudaje. Wani magidanci na wanke ƙafarsa da sabulu a sama, matarsa na ɗiban ruwan a gora a ƙasa, wai na tsaraba. Jagora na ta zuba a lasifika cewa wannan ruwa bai taɓa ƙafewa ba tun zamanin kakannin kakanni, yana faɗa yana jefar da sandar alawarsa a ciki. Ɗigo ta so ta tsoma ƙafa na hana. Mai Tayil ya ba ni wayarsa in ɗauke shi, ya ce in ɗaga sama kaɗan kada sharar ta fito. Da ya karɓa zai ɗauke ni, ya ce yarinyar nan ta ɗan matsa gefe, za a yi nata daban. Ba a yi ba.

Kogon kuwa tun daga baki warin kashin jemagu ya tare mu, haɗe da zarnin fitsarin 'yan Adam, don a fili yake wasu sun mai da lungun farko makewayi. Ƙasa santsi, sama na ɗiga. Jagora ya haska tocila a bango ya nuna mana zanen wasu dabbobi da ya ce mutanen farko ne suka yi, sai dai an rubuta lambar waya da baƙin fenti a kan rabinsu. Na goya Ɗigo da mayafina na biyu, na rufe mata hanci. Mai Tayil bai shiga ba. Ya tsaya a waje saboda takalminsa, da muka fito ya tambaye ni ko akwai abin gani. Na ce akwai wari.

Kada ku ce na cika ƙorafi. Ni mai wanke kashi da amai ce kullum, ƙazanta ba baƙuwata ba ce. Abin da ke tayar mini da zuciya shi ne ƙazantar da babba ya yi da hankalinsa, ya juya baya ya tafi, don ya san ba shi zai kwashe ba.

Bayan azahar muka isa tsohuwar ganuwar. Nan kam wurin ya burge ni. Katanga ce mai kauri ta jan dutse, da ƙofa doguwa, da fili a tsakiya, da hasumiya a kusurwa mai matakala biyu, ɗaya ta hawa ɗaya ta sauka ta bayan ginin. Jagora ya nuna mana inda masu gadi ke leƙen abokan gaba, da ɗakin ajiye hatsi, da wata tsohuwar rijiya da aka rufe da katakan da suka fara ruɓewa. Ya nuna wani ɗaki mai duhu ya ce nan ake kulle masu laifi, ya kuma dubi Ɗigo ya ce har da yara marasa jin magana. Mutane suka yi dariya. Ita ta ƙanƙame rigata. Mai Tayil kuwa ƙasa yake kallo, yana gaya wa jagora cewa da za a ba shi aikin wurin nan, da ya shimfiɗe shi da tayil mai ruwan madara, a ga haske.

Aka raba mana abinci a robobi, hula ɗaya roba ɗaya. Na ba Ɗigo nawa na ci biskit. Dattijuwar nan ta saya mata ayis kirim, ya narke mata har gwiwar hannu.

Daga nan aka ba mu ɗan lokaci kowa ya zaga, aka ce in an ji hon a dawo mota. Ni kuma tun a kogo nake riƙe da fitsari. Na leƙa banɗakin mata da ke wajen katanga na dawo da baya da sauri: ruwa kwance a ƙasa wanda ban san asalinsa ba, ƙofa babu sakata, ga layi har waje. Ba zan taka da 'yata cikin wannan ba. Na tsaya ina tunani, sai maganar Umma ta faɗo mini. Na goge wa Ɗigo hannu da tishu iya yadda zan iya, na kai ta har gabansa a gindin hasumiya, na ɗauki hannunta na sa a cikin nasa.

Na ce, “Ga amana. Banɗaki zan shiga, akwai layi. Don Allah kada ka sake ta, akwai rijiya a wurin nan.”

Ya ce, “Haba ranki ya daɗe, sai ka ce wani aiki. Je ki abinki.”

Na tafi ina waiwaye. Har ga Allah, da na hango su tsaye, dogo da 'yar ƙarama, sai da suka ba ni sha'awa. Na ce wataƙila ni ce mai tsanani.

Layin ya ja. Ina ciki, na tattare riga da hannu ɗaya na danne ƙofa da ɗayan, na ji hon. Na fito na wanke hannu da sabuluna, na ji hon na biyu. Banɗakin ya fi kusa da inda motoci ke tsayawa, kuma na hango hula ruwan ɗorawa a kowace taga, har da farar kafaɗarsa a wurin zamanmu. Sai na nufi mota kai tsaye da sauri. Ina sa ƙafa jagora ya taɓa hulata da yatsa ya ce yawwa, ga ta ƙarshe, mun cika. Direba ya ja ƙofa, mota ta fara gungurawa.

Na iso kujerarmu. Yana zaune, ya ɗora ƙafa ɗaya a kan gwiwa yana goge takalmi da tishun da na bari a kujera. Kujerata babu kowa.

“Ina Ɗigo?”

Ya ɗago. Wallahi sai da ya yi ɗan jim, irin na wanda aka tambaya ina ya ajiye makulli.

“Ba ta biyo ki ba?”

Ban san da wace murya na yi magana ba, amma direba ya taka birki har mutane suka dungura. Jagora ya fara cewa shi fa lissafinsa ya cika, kuma akwai sauran wuri ɗaya kafin rana ta faɗi. Dattijuwar ta buga sandarta a ƙasan mota ta ce a buɗe ƙofa ko ta fasa gilashi. Na dira. Takalmina ɗaya ya cire ban tsaya ba. Rijiyar kawai nake gani a idona, da katakan nan masu ruɓa.

Katakan suna nan yadda suke. Ɗakin duhu babu kowa. Na zago gindin hasumiya ina kiran sunanta, sai ga ta. Tana tsaye daidai inda na bar su, fuskarta na kallon bango, hannuwanta biyu a manne a jikinta, rana na dukan ƙeyarta. Ba ta kuka. Ƙasan ƙafarta ya jiƙe, fitsari ya bi ƙafafunta ya taru a cikin takalmin roba, ƙudaje na bin hannunta mai danƙon ayis kirim ba ta ko kore su ba.

Na durƙusa na juyo ta. Na ce me ya sa ba ta zo mota ba da ta ji hon.

Ta ce, “Kawu ya ce in tsaya nan kar in motsa, kar in taɓa masa riga. Mama, ban motsa ba.”

A hankali sauran ya fito, daga bakinta da kuma nasa daga baya. Ina juya baya ta kama gefen rigarsa, ya ga alamar yatsu a farin yadi, ya cire hannunta ya tsayar da ita a jikin bango. Ya ce bari ya hau sama ya ɗauki hoto ɗaya ya dawo. Ya hau ta gaba, ya sauka ta matakalar baya, ya ji hon, ya bi mutane. A ƙofar mota jagora ya tambaye shi ko nasa sun cika, ya ce saura madam kawai, tana banɗaki.

Saura madam kawai. Ku riƙe wannan, don ni ma na riƙe. Da ya ce ta ƙwace ta gudu, da na fahimta, yara suna yi. Mantawa ya yi. Mutum ba ya manta abin da ya taɓa sawa a lissafinsa.

Na cire mata jiƙaƙƙun kayan a bayan katanga, na wanke ta da ruwan gorata, na naɗe ta a mayafin goyo tun da babu sauran na canji. Da muka shigo mota wasu na tsaki wai an ɓata musu lokaci. Jagora ya kunna lasifika ya ce a tafa wa 'yar ƙarama da ta so ta gaji ganuwa, wasu kuwa suka tafa. Mai Tayil ya miƙe tsaye yana ta ba ni haƙuri, yana cewa shaiɗan ne, yana cewa ai Allah ya tsare. Ina shirin zama na ga ya zaro leda ya shimfiɗa a kan kujera, ya ja gefenta ya rufe cinyarsa ta ɓangarenmu.

Ban zauna ba. Na wuce baya, dattijuwar ta matsa mana. Wuri na ƙarshe da aka tsaya, wani tsauni ne da ake kallon faɗuwar rana, ban sauka ba, ban kuma san yadda yake ba. Ɗigo ta yi barci a ƙirjina tana ajiyar zuciya. Dattijuwar ba ta tambaye ni ko shi wane ne ba. Abu ɗaya ta ce, wai in shafa wa yarinyar mai a ƙeya in mun isa, rana ta ƙona ta.

Ana kiran isha'i muka shiga gida. Na ƙi ya kawo mu, motar haya na tara. Yaya na tsakar gida tana jirana da dariya a baki, tana tambaya ina hotuna, da ta ga ƙafata ɗaya babu takalmi da Ɗigo a naɗe sai dariyar ta tsaya. Ban yi wa kowa bayani ba. Na dafa ruwa na yi mata wanka, na shafa mata mai, na sa mata rigar barci. Ina cikin taje mata kai wayata ta yi ƙara.

“Ranki ya daɗe, na san na yi kuskure, ki gafarce ni. Ban saba da yara ba ne. Shi ya sa da muka zauna da Umma makon jiya na ji daɗin shawarar da aka yanke, cewa yarinyar za ta zauna a wurinta bayan biki har zuwa lokacin da za a ga hali. Kin ga da an bi haka yau ma da duk wannan bai faru ba.”

Na karanta, na sake karantawa. Makon jiya. Ni ina ɗaki ina taka keke, ana falo ana raba ni da 'yata, kuma kowa ya fito ya ci abinci da ni bai ce komai ba.

Amsar da na ba shi gajeriya ce. Na ce ya daina nemana, kada kuma ya turo kowa. Na kashe wayar na jefa a gado.

Na nufi ɗakin Umma. Tana kan darduma ta idar da salla, carbi a hannu. Ban taɓa lura ba sai yau, don ba shiga nake yi sosai ba: a bayan ƙofarta, jingine da bango, akwai sabuwar 'yar katifa ta yara, ko ledarta ba a cire ba. Ta bi idona da kallo, ta ga abin da na gani. Ba ta yi musu ba, ba ta kuma sunkuyar da kai ba. Ɗigo ta biyo ni tana riƙe da gefen zanina.

Umma ta ce, “Mai da ita wurin yayarki, ki rufo ƙofa. Maganar manya za mu yi.”

Duk tsawon rayuwata ban taɓa mayar wa Umma magana ba. Na sunkuya na ɗauki Ɗigo na saɓa a kafaɗa, na tura ƙofar da ƙafa ta buɗe gaba ɗaya, yadda Yaya ma za ta ji daga tsakar gida.

Na ce, “A'a Umma. An yi ta sau ɗaya ba ma nan. Wannan karon a gabanmu za a yi.”